TSORO KO TSARO? Matsayin mai bi game da Shaiɗan a ranar wahala



A makon jiya wata ƴar'uwa ta aiko mana da tambaya. Ta ce tun da maigidanta ya rasa aiki, ɗansu kuma ya kwanta ciwo, barci ya ƙaurace mata. Ko mage ce ta taka kwanon ɗaki sai gabanta ya faɗi, ta ce Shaiɗan ne ya zo ƙarasa abin da ya fara. Tambayarta ita ce: shin ya kamata mai bin Almasihu ya ji tsoron Shaiɗan? Na so in jero mata ayoyi in wuce, amma na kasa, domin ni ma na taɓa ɗanɗana irin daren da take ciki. Don haka ka yi haƙuri, ɗan'uwa mai karatu, zan fara da abin kunyar kaina kafin in kai ka ga Littafi.

DAREN DA NA KARƁI LAYA

Ni jikan ƴar bori ne. Kakata ta wajen uba ta rayu ta mutu tana yi wa iskoki yanka a wani ƙauye na ƙasar Gobir, ba nisa da Tsibiri. Mahaifina ya karɓi bishara yana saurayi, ni kuma a cikin ikilisiya na buɗe ido. Duk da haka na tashi na san tsamiyar da ba a ratsawa da tsakar rana, na san sunayen da ba a kira bayan faɗuwar rana. Baftisma ta wanke ni, amma tsoron yarinta ya sami wani lungu a zuciyata ya laɓe, ban san yana nan ba sai ranar da ya fito.

Watan Satumba ne, hatsi ya fara nuna, sauro ya cika gari. Ɗiyarmu, tana da shekara uku a lokacin, ta kama masassara. Kwana uku muna ba ta ƙwayoyin da muka saya wurin mai tebur, muna cewa gobe za ta warware. A dare na uku ta sanƙare a hannun uwarta, idanu suka juye, haƙora suka datse. Muka hau kabu-kabu zuwa likita. Aka soki yatsarta aka auna, aka ce masassarar cizon sauro ce mai tsanani, jininta kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa mata ƙarin ruwa da allura, aka ɗebi jinina domin a ƙara mata.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta iso daga ƙauye. Ta kira ni waje, gindin wani dogon yaro, ta rage murya.

"Ɗana, wannan ba ciwon likita ba ne. Tun ran da ubanka ya bar yanka, bashin gidanmu yana nan ba a biya ba. Masu shi ne suka zo karɓa."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da laya ɗinke cikin jar fata. Ta ce in ɗaura wa yarinyar a ƙugu, in yi alkawarin baƙin bunsuru idan ta tashi.

Na ce, "Gwaggo, kin san hanyar da nake bi."

Ta ce, "Na sani. Ban ce ka bar hanyarka ba. Ka ɗaura kawai, wa zai gani?"

Kajinta biyu ta sayar ta karɓo wannan laya, kuma ƙauna ce ta taso ta cikin dare. Na miƙa hannu na karɓa. Ni da nake koyar da matasa ranar Lahadi, na jefa ta aljihu na koma ciki. Ban ɗaura ba, ban kuma yar ba. Na zauna bakin gado hannuna yana kanta har kusan asuba.

Ka lura da abin da ke zuciyata a wannan sa'a, domin nan ne amsar tambayar take. Ban gaskata cewa fata da zare suna warkarwa ba. Abin da na gaskata ya fi haka muni: na yarda cewa akwai wani iko da zai iya ɗauke ɗiyata ba tare da Allah ya iya hana shi ba, saboda haka gara in lallashe shi. Bakina yana kiran Allah ɗaya, tsorona kuwa ya riga ya naɗa na biyu.

Matata ce ta farkar da ni. Ta dube ni ta ce, "Maigida, mene ne a aljihunka da hannunka ya kasa rabuwa da shi?" Na fito da ita na nuna mata. Ta yi shiru ɗan lokaci, hawaye na zuba, sannan ta ce, "Idan Allah ya ɗauke ta, na san hannun da ta faɗa. Idan ka ɗaura mata wannan ta tashi, ta wa za ta zama?"

Da gari ya waye na mayar wa gwaggo layarta. Na durƙusa na gode mata saboda ƙaunarta, na biya ta kuɗin kajinta, na roƙe ta ta zauna tare da mu. Ta zauna, ranta a ɓace. A rana ta uku yarinyar ta buɗe ido ta nemi kunu.

Amma kada ka ɗauki labarina ka ce duk wanda ya ƙi laya ɗansa zai rayu. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro, uwarsa ta kwana tana roƙon Allah fiye da yadda na roƙa, kuma kafin azahar aka fita da shi a naɗe cikin zane. Ban fi ta komai ba. Abin da na tsira da shi a wannan dare ba ran ɗiyata ba ne, domin wannan yana hannun Mai shi tun farko. Amanata ga Allah ce ta kusa salwanta, ita ce kuma aka ceto.

ABIN DA LITTAFI YA NUNA

Kada wani ya ce maka Shaiɗan tatsuniya ne. Littafi Mai Tsarki ya ambace shi daga Farawa har Wahayin Yahaya, ya kira shi maƙaryaci, mai sara, mai kisankai. Amma ka bincika, ba za ka sami wurin da aka umarci mai bi ya ji tsoronsa ba. A Matiyu sura 10 aya 28 Ubangiji ya ware wanda ya cancanci tsoro, shi ne Allah mai iko da rai da jiki duka. Game da Shaiɗan kuwa, umarnin da ake maimaitawa shi ne natsuwa, da zama a faɗake, da tsayayya. Tsoro da tsaro wasali ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma a zuciya tazararsu ta fi ta Yamai da Diffa. Mai tsoro yana rufe ido ya gudu duk inda ƙafa ta kai shi. Mai tsaro yana buɗe ido ya tsaya a bakin ƙofa.

Dubi Ayuba. Tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun noma da jakai, da ƴaƴa goma, duka suka tafi a yini ɗaya. Amma kafin Shaiɗan ya taɓa ko akuya guda sai da ya nemi izini, kuma sau biyu aka shata masa iyaka: da fari aka hana shi jikin Ayuba, daga baya aka hana shi ransa. Littafin yana da sura 42, Shaiɗan kuwa daga sura ta 2 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sauran duka tsakanin Ayuba ne da abokansa da Allahnsa. Ayuba ya yi kuka, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi gardama, amma duk ƙararsa gaban Allah ya kai ta. Bai taɓa neman sulhu da wanda ya cuce shi ba. Ka kuma tuna abin da Shaiɗan yake nema tun farko: ba raƙuma yake so ba, so yake Ayuba ya juya wa Allah baya. Dukiya da lafiya hanya ce kawai.

Dubi Markus sura 5. Rundunar aljannun da ta addabi mutumin nan mai kwana a makabarta, wanda sarƙa ba ta riƙe shi, da ta ga Yesu sai ta koma roƙo. Ko shiga garken aladu, wajen 2,000, ba ta iya ba sai da aka yardar mata. Wanda ke roƙon izinin shiga alade, yaya zai shiga gidanka ba da sanin Ubangijinka ba?

Wataƙila ka taɓa ganin masu wasa da kura ranar kasuwa. Kurar gaske ce, haƙoranta suna fasa ƙashi, warinta kaɗai yana sa yara kuka. Amma akwai takunkumi a bakinta, akwai sarƙa a wuyanta, kuma iyakar sarƙar ita ce iyakar ikonta. Wawaye biyu ne a wurin: wanda ya ce ai wasa ne ya cusa hannu, da wanda ya firgita ya ruga a guje har ya faɗa rijiya. Mai hankali yana tsayawa bayan iyakar sarƙa, idonsa a buɗe. Misali ne kawai, yana da inda ya gaza, amma ya isa ya nuna maka cewa haɗari na gaske da iyaka ta gaske suna iya zama tare.

Dubi Bitrus. A daren da aka ba da Ubangiji, ya gaya masa cewa Shaiɗan ya nemi a ba shi su ya sheƙe kamar yadda mata ke sheƙe hatsi a masussuka, ya kuma ce ya riga ya yi masa addu'a. Ka duba Luka 22, aya 31 da 32: ba a roƙa masa kada a sheƙe shi ba, an roƙa kada bangaskiyarsa ta ƙare. Aka kuwa sheƙe shi, ya yi musun Ubangijinsa sau uku saboda tsoro. Amma ƙaiƙayi ne iska ta kwashe, tsabar ta faɗo cikin ƙwarya. Wannan Bitrus ɗin ne daga baya ya rubuta wa masu bi da ke shan tsanani a Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya. A sura ta 5 ta wasiƙarsa ta fari ya kwatanta magabcin da zaki mai yunwa da ke kewaya garke, kuma a daidai wurin ya ce su sauke damuwarsu a kan Allah, su natsu, su tsaya masa da bangaskiya, su tuna ƴan'uwansu a ko'ina suna shan irin wannan wuya. Mutumin da tsoro ya taɓa kayarwa ne yake wannan gargaɗi, ya san abin da yake faɗa.

Tushen duka shi ne gicciye. Ibraniyawa sura 2, aya 14 da 15, ta bayyana cewa Almasihu ya ɗauki jiki irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya mai riƙe da makamin mutuwa, ya kuma ƴanta waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk tsawon ransu. Ka ga ashe tsoron shi ne igiyar bautar. A daren nan na likita, da wannan igiya aka ja ni har na miƙa hannu.

INDA YAKE ƁUYA

Shaiɗan ya fi son ka neme shi a kan kwanon ɗaki da cikin kukan mujiya, domin muddin idonka yana can, ba ka ganin ƙofar da yake shigowa. Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa yakan yi shigar mala'ikan haske. Da ya jarabci Ubangiji bayan azumin kwana 40, bai zo da ƙaho ba. Ya zo da maganar abinci ga mai yunwa, har ya jawo Zabura ta 91 ya murɗe ta. Ubangiji kuwa sau uku ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a, ba da ihu ba, ba da rawar jiki ba. Ni ma ba da mummunar fuska ya zo mini ba, da muryar mai ƙaunata ya zo, da kalma mai taushi: wa zai gani?

Na ga wata ƙofar tasa ƴan shekaru kafin ciwon ɗiyata, lokacin da aikin koyarwa ya kai ni Damagaram. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kirista. Washegari wutar ta kama a Yamai. An rasa rayuka, ɗaruruwan ƴan'uwa suka fake a barikin soja. Mu kuwa maƙwabcinmu ne, wani Alhaji, ya buɗe ƙofarsa ya ce, "Malam, shigo da iyalinka. Mai son taɓa ku sai ya fara da ni." Kwana biyu muna cin tuwon gidansa.

Wutar ba ta ci bangaskiyata ba. Abin da ya kusa cin ta ya zo ne bayan toka ta huce. Na wayi gari ba na son gaida mai shayin bakin layinmu, ina duban kowane saurayi ina cewa ko yana cikinsu. Na fara ganin fuskar Shaiɗan a fuskar mutanen da Allah ya halitta cikin kamanninsa, har na kusa manta wanda ya ɓoye ni. A nan na gane dalilin da ya sa Afisawa sura 6 ta ce kokawarmu ba da ɗan Adam take ba. Mai ƙona gini ya ƙona gini, ana sake ginawa, an kuwa sake gina da yawa. Amma da ƙiyayya ta zauna a zuciyata, da Shaiɗan ya sami abin da ashana ba ta iya ba shi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sura ta 4 ta wannan wasiƙa an ambaci tsagar da sunanta: fushin da aka bari ya kwana.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda ya yi yawa a cikinmu yanzu: ɗora wa Shaiɗan kowane abu. Yakubu ya faɗa a sura ta 1 cewa sha'awar mutum ce take jansa ta yaudare shi. Wanda ya ci kuɗin baiko, ko ya bi matar wani, ya ce Shaiɗan ne, yana neman hanyar kauce wa tuba ne kawai. Haka nan ba kowane ciwo ne sammu ba. Ɗiyata sauro ne ya cije ta, jinkirinmu na kwana uku kuma ya tsananta abin, wannan laifina ne, na kuma roƙi gafara a kansa. Waɗanda suka kawo mana bishara sun san addu'a, amma sun buɗe asibitin Galmi tun 1950. Yawan zargin maita ya raba zumunci, ya sa an wulaƙanta tsofaffin mata marasa gata. Duk gidan da kowa ke zargin kowa, magabcin ya gama aikinsa a can ko bai aiko da aljani ko ɗaya ba.

Ka kuma kiyayi mayar da abubuwa masu tsarki su zama laya. Littafi a ƙarƙashin matashi wanda ba a buɗewa, da man da aka sayo da tsada wurin mai cewa shi kaɗai ke da sirri, da kiran sunan Yesu kamar surkulle, duka tsohuwar layar ce aka sake mata fata. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba da labarin ƴaƴa bakwai na wani firist da suka ari sunan Yesu ba tare da sun san shi ba, mai aljanin ya fatattake su tsirara da raunuka. A garin nan na Afisa kuma waɗanda suka tuba da gaske suka tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000.

ABIN DA YA WAJABA A KANKA

Na fari, ka bi jerin da Yakubu ya shimfiɗa a sura 4 aya 7: miƙa wuya ga Allah tukuna, sannan tsayayya da Iblis. Wanda ya tsallake na farkon ya faɗa na biyun, ihu kawai yake yi.

Na biyu, idan tsoro ya zo, kada ka ɓoye shi. Jin faɗuwar gaba ba zunubi ba ne, ƴar'uwa mai tambaya, jiki ne da jini. Haɗarin yana wurin abin da tsoron zai sa ki karɓa. Ki faɗa wa Allah a fili, ki faɗa wa wata amintacciya a zumuntar mata, ko dattijon ikilisiya. Layata ta yi ƙarfi ne muddin tana cikin aljihu. Da aka fito da ita gaban fitila, sai ga ta fata ce da zare.

Na uku, ka yi abin da hankali ya nuna. Ka rataya gidan sauro, ka karɓi maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara da damina, ka kai marar lafiya likita tun ranar farko, kana addu'a a hanya. Wannan ma tsaro ne.

Na huɗu, kada ka bar taron masu bi domin wahala ta same ka. Dabbar da ta ware daga garke ita ake fara kamawa. Idan kuma ɗan'uwanka ne ke cikin wuya, ka je da ƙwaryar abinci da kunnen saurare, kada ka je da binciken laifin da ya jawo masa.

Na biyar, ka toshe tsagar bango tun tana ƙarama: bashin da kake ƙin biya, saƙon da kake gogewa kada matarka ta gani, gabar da ka riƙe shekara da shekaru. A nan yaƙin yake, ba a kan tsamiya ba.

Ba zan yi maka alkawarin cewa wahalar za ta wuce gobe ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ya kira manzon Shaiɗan, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta, har ƙayar ta zama abin da ya tsare shi daga girmankai. Abin da zan iya gaya maka shi ne wanda na gani da idona: iyakar tana nan, kuma ba magabcin ne ke riƙe da ita ba.

Gwaggona tana raye har yanzu, ta tsufa ƙwarai. Duk ran da na kai mata jikarta sai ta shafa kanta ta ce, "Allahnku ya yi." Ni kuma in ce, "Gwaggo, naki ne ke ma." Ba ta amsa ba tukuna. Ku taya ni yi mata addu'a, ku kuma tuna da ƴar'uwar da ta aiko da tambaya, da maigidanta, da ɗansu.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ta'azantar da masu makoki, ya sa tsoronsa shi kaɗai ya cika zukatanmu. Wanda ya san wani da ke kwana ido biyu saboda irin wannan tsoro, ya tura masa. Amin.